Kuɗin Mota Ba Jinya Ba Ne

Akwai wani salon taimako da ya zama jiki a unguwannin Hausawa na Legas, tun daga Agege da Idi-Araba har zuwa Obalende da Alaba Rago da kasuwar Mile 12, wanda duk wanda ya daɗe a garin nan ya san shi, wataƙila ma ya taɓa sa hannu a aljihu dominsa. Idan ɗaya daga cikinmu ya samu taɓin hankali, ya fara surutai shi kaɗai, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya ƙi ci ya ƙi sha ya kulle kansa a ɗaki, ba a kwana uku sai ka ji manya sun yanke shawara cewa a kai shi gida. Nan da nan a yi karo-karo, a nemi motar da za ta Arewa, a sa shi a ciki, a bi shi da addu'a, kowa ya koma harkarsa da natsuwar cewa an fita hakkinsa. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta ba mu fita hakkinsa ba. Kuɗin mota muka biya, jinyar kuwa mun tura ta ga waɗanda suka fi mu rashin ƙarfi, a wurin da ya fi nan nisa da likita.

Na taɓa tsayawa a wurin da ake irin wannan sallama. Saurayi ne ɗan dako, an zaunar da shi a bayan tirelar da ta sauke albasa za ta koma, a kan tarin buhunan da babu komai a ciki, an ɗaure masa hannu da rawani don kada ya yi tsalle a hanya. Maigidansa ya miƙa wa direba kuɗi da 'yar takarda mai ɗauke da lambar wayar yayansa, ya ce, "Direba, ga amana nan, in kun isa ka kira wannan lambar." Wani dattijo ya dafa kansa ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, gida za ka je ka huta." Shi kuwa abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Baba, kuɗina fa? Ajiyata na wurin mai shayi." Babu wanda ya amsa masa, domin an riga an sa duk abin da zai fito daga bakinsa a cikin surutan rashin lafiya, alhali maganar da ya yi magana ce ta mai hankali, kuma gaskiya ce. Duk mutanen da ke wurin mutanen kirki ne, da yawansu abin da za su ci a ranar suka tsakura suka bayar. Amma babu ko ɗaya daga cikinmu da ya kawo maganar a fara kai shi asibiti kafin a ɗora shi a kan hanyar da ta kai kilomita 1,000.

Dole a yi wa wannan al'ada adalci, domin ba daga mugunta ta samo asali ba. Ɗan cirani a Legas yawanci ba shi da iyali a kusa, a shago yake kwana ko a barandar masallaci ko a ɗakin da mutum shida suka haɗa kuɗin haya, kuma duk wanda zai zauna jinyarsa sai ya bar neman abincin ranar. Ga tsoron kada ya fita cikin dare yana yawo, ba ya jin Yarabanci ba ya jin Turanci, a ɗauke shi ɓarawo ko mai satar mutane a far masa kafin a gane marar lafiya ne. Uwa kuma tana gida, kuma babu mai haƙuri da mutum kamar uwarsa. Waɗannan dalilai ne masu nauyi, kuma akwai marasa lafiyar da komawa gida ta fi musu alheri. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da ita amsa guda ɗaya tilo, wadda ake bayarwa kafin a yi tambaya.

Mu dubi gidan da muke tura shi. Galibi shi ne mai aiko musu da kuɗin hatsi da na taki, don haka ranar da ya sauka daga mota, gidan ya yi rashi biyu: abin da yake aikowa ya tsaya, ga kuma marar lafiya da za a ɗauki nauyinsa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Arewa sanannu ne kuma 'yan kaɗan ne, irin su Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya, a kan hanyoyin da wasunsu yanzu ba a bin su da kwanciyar hankali, kafin ya kai ga ɗayansu. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, mafi yawansu kuma a manyan birane suke. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa cikin masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani, waɗanda suka samu wani magani a cikin shekarar da ta gabaci binciken ba su kai ɗaya cikin goma ba. Idan dangi suka yi iya ƙoƙarinsu suka gaji, inda ake ƙarewa sananne ne: ɗaki a ƙuryar gida da kwaɗo a ƙofa, ko mari a ƙafa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja, inda ta tarar ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista, har ma da wasu cibiyoyin gwamnati. Ba kowane wanda muka sa a mota ne ke ƙarewa a irin waɗannan wurare ba, amma mu da muka sa shi ba mu cika bin sawu mu ji inda ya ƙare ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, garin da muke fitar da shi daga cikinsa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a ƙasar nan yawan masu wannan aiki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, yana kuma da reshe a Oshodi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, a tsakiyar ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa, kuma yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin koyarwa na jiha yana Ikeja, maƙwabciyar Agege. Ba nisa ne ya hana mu zuwa ba. Abin da ya hana mu shi ne rashin ɗan rakiya. Asibiti irin wannan wuri ne na yankar kati da bin layi da biyan kuɗi a wannan taga a karɓi magani a waccan, kuma likitan ƙwaƙwalwa ba ya gane ciwo da awon jini kaɗai, sai ya ji labari: yaushe abin ya fara, me mutum yake ji, yana barci ko ba ya yi, akwai mai irin wannan a danginsu, yana shan wani abu ko ba ya sha. Marar lafiyar da Hausa kaɗai yake ji, a gaban likitan da ba ya jin Hausa, ba zai iya ba da wannan labari ba sai da wanda ya san shi kuma zai iya fassara. Ke nan abin da ake bukata daga gare mu mutum ne guda da zai sadaukar da yini ɗaya, sa'an nan ya sake sadaukar da wani bayan mako biyu, da wani bayan wata. Wannan ya fi karo-karo wuya, domin karo-karo sau ɗaya ake yi a gama.

Ba sabon ilimi ba ne cewa zama cikin mutane wani ɓangare ne na maganin wannan lalura, kuma ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya hakan a aikace, a kan hanyar Abeokuta da ta bi ta gefen Agege. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa na zamani, ya fara wani tsari a asibitin Aro da ke Abeokuta: maimakon a kulle marar lafiya a bayan katanga, sai a sama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, tare da wani danginsa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, da safe ya je asibiti a duba shi a ba shi magani, da yamma ya koma cikin gari ya ci abincin da aka dafa a gida, ya je kasuwa, ya ji hirar mutane. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su ya yi aiki da su. Tsarin ya yi suna har ƙasashe suka riƙa zuwa gani, shi kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Haka kuma, a wani babban bincike da hukumar ta fara a ƙarshen shekarun 1960 a ƙasashe tara a kan ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, wato wanda mutum ke jin muryoyi ko ya gaskata abin da babu shi, an tarar marasa lafiya na Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na biranen Turai da Amurka samun sauƙi bayan 'yan shekaru. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili, har yau ba su gama ba, amma bayanin da aka fi kawowa shi ne cewa a irin garuruwanmu marar lafiya ba ya rasa dangi da ɗan aikin da zai riƙa yi.

Wani zai ce ai wannan hujja ce ta a mayar da shi cikin danginsa. Amma a lura, a Aro abu biyu aka haɗa, dangi da likita, a wuri guda kuma a lokaci guda. Mu kuwa raba su muke yi, mu tura shi inda dangi suke babu likita, bayan mun ɗauke shi daga inda likita yake. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi, ya kuma fi amfani, shi ne kuɗin motar nan a aika wa uwa ko yaya su zo Legas su yi wata guda, a sama musu wurin kwana, a fara magani, in ya samu natsuwa sai a zauna da shi a yanke shawarar tafiya ko zama.

Sai dai kuma ba kowane kusanci ne ke warkarwa ba, kuma nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi bakinmu. Tun a shekarun 1960 wani masani a Landan mai suna George Brown da abokan aikinsa suka lura cewa marasa lafiyar da aka sallama suka koma gidajen da ake yawan yi musu faɗa da gori, ko ake matsa musu da sa ido fiye da kima, ciwonsu ya fi saurin dawowa a kan waɗanda suka koma inda ake bi da su a hankali. An maimaita irin wannan bincike a ƙasashe da dama an ga abu guda. Mu saurari abin da muke faɗa wa namu. Mai ciwon damuwa da ya kasa tashi daga shimfiɗa a ce masa, "Kai dai ragwanci ne, wa ba ya cikin matsala a Legas?" Wanda ya ce rayuwa ta ishe shi a ce masa, "Rashin tawakkali ne, ka ji tsoron Allah," a tashi a bar shi, alhali wannan magana ce da ya kamata ta sa a zauna da shi a kuma nemi likita a ranar. Wanda ya warke ya dawo majalisa, da ya yi musu da wani a kan ƙwallo ko siyasa sai a kalli juna a ce, "Abin ne ya motsa." Yara su bi shi da suna, manya su yi shiru. Ana yawan cewa hauka ba ya warkewa sai dai sauƙi, kuma da wannan magana ake hana shi aure, a hana shi bashi, a hana shi ajiya, a daina neman shawararsa ko a kan abin da ya fi kowa sani. Mutumin da aka yi wa haka yana cikin jama'a, amma shi kaɗai ne, kuma kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne ko ga mai cikakkiyar lafiya: wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike 148 a kan mutum sama da 300,000, ya nuna cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, yawanci ba don ciwon kansa ba, sai don cututtukan jiki da ake iya magancewa amma babu wanda ya kula ya kai su asibiti.

Wurin da taimakon ɗan'uwa ya fi tasiri, a ganina, shi ne wajen magani, kuma nan ne muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Magungunan da aka fi samu da araha tsofaffi ne, kuma sukan zo da wahalarsu: wuya ya sanƙare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba, barci ya yi yawa. Idan dangi suka ga haka sai su ce maganin asibiti ya ƙara masa ciwo, su zubar, alhali abu ne da likita ke gyarawa ta hanyar rage yawan maganin, ko canza shi, ko ƙara wani da ke kwantar da wannan illa. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya aiki a kwana biyu, yakan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma a cikin makonnin nan ne ake yanke ƙauna. Sa'an nan ga babbar matsalar, wato ranar da ya samu sauƙi. Sai abokai su ce, "Alhamdu lillahi, ai ka warke, me za ka ci gaba da yi da ƙwayoyi?" Ya daina, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, a ce ai dama an faɗa ba ya warkewa. Mai hawan jini ko ciwon suga ba mu ce masa ya daina magani don ya ji daɗin jikinsa. Aboki na gari a nan shi ne wanda ya san ranar komawa asibiti ya tuna masa, wanda ya san cewa akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga mai yawan mantuwa ya tambayi likita ko ta dace da shi, wanda in azumi ya gabato zai raka shi a tambayi yadda za a sauya lokutan shan magani maimakon ya ajiye shi wata guda. An ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan lalura ƙafar da ake bukata ita ce wadda za ta taka zuwa asibiti tare da shi.

Bayan magani sai sana'a. Namiji a Legas da sana'arsa ake saninsa, kuma wanda aka karɓe wa baro ko tebur ko wurin gadi ranar da ya kwanta, ko ya warke ba shi da inda zai koma. Mun ga abin da rashin sana'a ke yi wa masu lafiya ma, lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yuni, 2022, samari da yawa suka wayi gari babu abin yi, wasu kuma aka kwace baburan da ba su gama biya ba. Wanda ya taso daga jinya ba ya bukatar a ba shi sadaka a zaunar da shi, yana bukatar maigidansa ya ce masa, "Wurinka na nan, ka fara da rabin yini." Tsintar tumatir, jiran shago, rubuta lissafin buhuna, duk aikin da zai sa ya tashi da safe ya yi wanka ya san ana jiransa a wani wuri.

Halin mata ya fi ɓoyuwa, saboda su ba a ganinsu a tasha. A gida, mace mai haihuwar fari takan tafi wurin iyayenta, in ma ba ta tafi ba akwai tsohuwar da za ta zo ta yi mata wankan jego, ga barka ga suna ga masu shiga da fita har a yi arba'in. A Legas sau da yawa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, maƙwabta ba yarensu ɗaya ba, miji ya fita tun asuba sai dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, kuma akwai wani nau'i mai tsanani da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, wanda ke zuwa farat ɗaya a kwanakin farko, mai jego ta rikice ta daina barci ta ƙi jaririnta. Wannan na gaggawa ne, kuma yana jin magani ƙwarai idan an kai ta da wuri. Amma abin da aka fi yi shi ne a ce iska ce, in abin ya ƙi a mayar da ita gidansu, wani lokaci takardar saki ta biyo baya. Matan Islamiyya da ƙungiyoyin adashi, waɗanda suka san gidan kowace mai jego a unguwa, su ne suka fi kowa damar lura da wadda ta yi shiru fiye da kima, su ce mata, "Ƙanwata, me ke damunki?" su kuma tsaya su ji amsar.

Ba na cikin masu cewa a bar malamai a kama likitoci, domin wannan magana ba ta san mutanenmu ba. Wurin malam za a fara zuwa, a yi tofi a yi rubutu a yi ruƙiyya, Kiristocinmu kuma wurin fasto za su fara zuwa, kuma addu'a na kwantar da zuciyar marar lafiya da ta danginsa. Abin da nake roƙon malamai shi ne su zama ƙofa, kada su zama katanga. Malamin da ya ce, "Za mu ci gaba da addu'a, amma gobe ku kai shi Yaba," ya ceci rai, domin maganarsa ta fi ta kowa shiga. An gwada irin wannan haɗin gwiwa a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna duba marasa lafiya tare da su, kuma sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Addini kuma bai bar mu a duhu ba. Ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace da ke da matsala a hankalinta ta ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tana da bukata a wurinsa, sai ya kira ta da alkunyarta cikin girmamawa, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama faɗin bukatarta. Duka da ɗauri da hana abinci da sunan fitar da aljani ba su da gurbi a kusa da wannan hali.

Akwai masu cewa yawancin samarin nan shaye-shaye ne ya jawo musu, don haka su suka sayo wa kansu. Gaskiya ne shaye-shaye ya yi yawa: binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da su, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin. Amma da yawa daga masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su taɓa shan komai ba, wasu kuma ciwon ne ya riga, suka kama shan ƙwaya don su samu barci ko ƙarfin dako. Wanda ma shaye-shayen ne ya kai shi, jinya yake bukata, kuma korarsa daga cikin mutanen kirki tura shi ce ga waɗanda ke sayar masa. Masu tsoron cutarwa kuma su sani cewa mafi yawan masu wannan lalura ba sa taɓa kowa, su aka fi cuta. Idan mutum ya tayar da hankali har ana jin tsoron ya ji wa kansa ko wani rauni, wannan dalili ne na gaggauta kai shi asibiti, ba na ɗora shi a bayan tirela ba.

Gwamnati na da nata kason. Sai a farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar 'yan mulkin mallaka ta 1916. Sabuwar dokar ta hana nuna wa masu lalurar bambanci wajen aiki da muhalli, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kula da su. Tun 1991 ma manufar ƙasa ta ce a riƙa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitocin unguwa. Muna da hakkin mu nemi a ga wannan a ƙasa a Agege da Mushin da Kosofe, mu kuma nemi manyan asibitocin Legas su tanadi masu fassara Hausa, ganin yawan masu jin harshen a jihar.

Amma abin da ke hannunmu ba ya jiran kowa. Muna da tsarin da ke tashi tsaye idan gobara ta ci kasuwa, ko an kama wani, ko an yi rasuwa ana neman likkafani da motar maƙabarta, kuma wannan tsarin ne ya kamata ya ɗauki lalurar ƙwaƙwalwa a cikin ayyukansa. Kowace ƙungiyar kasuwa da kowane babban masallaci na iya ware mutum biyu, namiji da mace, masu jin Turanci ko Yarabanci kuma masu riƙe sirri, waɗanda suka san hanyar asibiti da yadda ake yankar kati, a riƙa biyansu ladan yinin da suka rasa daga kuɗin ƙungiya, a kuma ware wani abu don sayen maganin wata-wata ga wanda ba shi da hali, tare da sauya wa mai jinya hannu don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Idan bayan an ga likita aka ga komawa gida ta fi, kuma shi marar lafiyar ya yarda, to ya tafi da takardar likita, da maganin da zai kai shi wata ɗaya ko biyu, da sunan asibitin da ya fi kusa da garinsu, da wani daga cikinmu da zai riƙa kiran waya yana jin yadda ake ciki. Majalisun sarakunan Hausawa na Legas na zama a kan rikicin kasuwa da na fili da na aure. Wannan ma ta isa a sa ta cikin zama na gaba, a gayyato likita daga Yaba ko Idi-Araba ya yi bayani a fassara, limamai da shugabannin 'yan kasuwa da shugabannin mata suna wurin, a tashi da sunayen waɗanda za su fara rakiyar.